Wa ke riƙe da manhajar asibiti bayan an girka ta?

Idan asibiti ya yanke shawarar barin fayil na takarda ya koma kwamfuta, abin da shugabanninsa kan fara tambaya shi ne nawa za a kashe. Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, amma ba ta cika tasowa ba sai an shekara biyar ko goma ana aiki: in kamfanin da ya sayar mana da manhajar ya ninka kuɗinsa, ko ya rufe, ko muka ɓata da shi, tarihin jinyar mutanenmu yana hannun wa, kuma ta yaya za mu kwashe shi ba tare da ya lalace ba? A kan wannan tambaya ta biyu masu goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja suka gina hujjarsu. Ina tare da su a kan hujjar. Inda nake ja da wasunsu shi ne yadda suke raina aikin da ke biyo baya.

Kowace manhaja tana da rubutun tushe, wato umarnin da injiniyoyi suka rubuta wanda kwamfuta ke bi. Kamfanin da ke sayar da rufaffiyar manhaja yana ɓoye wannan rubutu, izinin amfani kawai yake ba ka, kana biya shekara-shekara. Buɗaɗɗiya kuwa ana wallafa rubutunta a fili, da lasisin da ya yarda kowa ya karanta, ya yi amfani, ya gyara, ya raba wa wasu. Wasu, har cikin ma'aikatan lafiya, suna ɗauka bayanan majiyyata ma a buɗe suke. Sam. Yadda aka ƙera ma'ajiyar ne ke fili. Abin da aka zuba a cikinta yana nan a kulle a hannun asibitin.

Amfanin komawa kwamfuta ya wuce a daina laluben fayil. Manhaja mai kyau tana tuna maganin da jikin mutum ba ya karɓa, ta ja hankalin likita kafin ya rubuta shi. Tana jera gwajin jini na shekara uku a layi ɗaya, a ga ko ƙoda tana raguwa a hankali. Tana fitar da sunayen waɗanda ranar karɓar maganinsu ta wuce ba su zo ba, a bi sawunsu. Shi ya sa cututtukan da ake jinya tsawon rai, irin su ƙanjamau da ciwon sukari da hawan jini, suka fi tura asibitoci wannan hanya.

Misali mafi tsufa yana Amurka. A ƙarshen shekarun 1970 wasu likitoci da masu rubuta manhaja a asibitocin tsofaffin sojoji suka fara rubuta ƙananan manhajoji don aikin gabansu, da harshen kwamfuta mai suna MUMPS, sau da yawa ba da son ran hedikwata ba. Aikin ya samu amincewa a farkon shekarun 1980, daga baya aka sa masa suna VistA. Da yake masu rubutun suna zaune kusa da masu jinya, abin da suka samar ya dace da hannun likita da nas. A cikin wannan tsari ne aka fito da dabarar ɗaura wa majiyyaci lambar da na'ura ke karantawa, a gwada ta da lambar magani kafin a ba shi. Wata nas ce a asibitin Topeka ta kawo shawarar. Kuma da yake aikin gwamnatin tarayya ne, doka ta mai da rubutun mallakar jama'a, har ƙasar Jodan ta ɗauka ta gina shirinta na Hakeem a kansa daga 2009.

Sai dai ikon gyarawa da ya raya VistA shi ya zame mata ciwo. Kowane asibiti ya riƙa lanƙwasa ta yadda yake so, har aka wayi gari da nau'o'i kusan 130 masu kama da juna amma ba ɗaya suke ba. A 2018 ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta sa hannu a kwangilar kusan dala biliyan 10 da kamfanin Cerner don maye gurbinta. An fara girka sabuwar manhajar a asibitin birnin Spokane a 2020. Masu binciken ma'aikatar suka gano dubban umarnin likitoci sun faɗa wani layi da ba mai dubawa, ba su isa inda aka aika su ba, kuma a Afrilun 2023 aka dakatar da faɗaɗa aikin bayan ya kai wurare biyar kacal. Masoyan buɗaɗɗiyar manhaja suna son ba da rabin ƙarshen wannan labari. Rabin farkon ne ya fi shafarsu: manhaja mai kyau ta warwatse don ba a samu mai tsawatarwa a kan gyare-gyare ba tun da wuri.

Labari na biyu matsin jinyar ƙanjamau ne ya haife shi. A Eldoret ta Kenya, shirin AMPATH na haɗin gwiwar Jami'ar Moi da Jami'ar Indiyana yana karɓar majiyyata fiye da yadda ƙaramar ma'ajiyarsa ta Microsoft Access za ta ɗauka. Ƙungiyar Partners In Health tana fama da irin wannan a Haiti. A 2004 Paul Biondich da Burke Mamlin na Cibiyar Regenstrief suka haɗu da Hamish Fraser na Partners In Health, suka gane abu ɗaya suke ginawa, kowa a ɓangarensa. Daga nan OpenMRS ta fito. A 2006 ta fara aiki a Eldoret, sannan a Rwinkwavu ta Ruwanda. Yau KenyaEMR da UgandaEMR da iSantéPlus ta Haiti duk a kanta aka ɗora su.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne shawarar da suka yanke tun farko, ta sa ƙamus a tsakiyar manhajar. Duk abin da za a tambayi majiyyaci ko a auna a jikinsa, sai an fara shigar da shi ƙamus, a ba shi lamba, a faɗi irin amsar da yake karɓa, adadi ne ko zaɓi ko rubutu, da ma'auninsa, da iyakar da in an wuce ta akwai kuskure. Fom ɗin da likita ke cikewa daga nan yake ɗebo tambayoyinsa. Da haka asibitin haihuwa da na tarin fuka za su yi amfani da manhaja ɗaya ba tare da an taɓa rubutun tushe ba.

A nan ne kuma ayyuka da yawa suke ruɓewa ba a sani ba. A ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Wani asibiti ya sa tambaya ɗaya, e ko a'a. Wani ya raba wanda gwaji ya tabbatar da wanda likita ya yi zato. Na uku ya bar gurbi kowa ya rubuta abin da ya ga dama, wannan ya taƙaita, wancan ya yi kuskuren harafi. Su ukun manhaja ɗaya suke amfani da ita, amma ranar da ma'aikatar lafiya ta nemi a haɗa alƙalumansu ba za su haɗu ba, kuma majiyyacin da ya tashi daga na farko zuwa na biyu tarihinsa ba zai bi shi da ma'anarsa ba. Haka nauyin jariri: in wani ya shigar da kilo, wani ya shigar da giram a gurbi guda, manhajar da ke lissafa magani bisa nauyi tana iya ba da adadi mai kisa. Don rage wannan aka samar da ƙamus na bai ɗaya, CIEL, wanda Andrew Kanter ya daɗe yana kula da shi daga Jami'ar Columbia ta Amurka, yana danganta kalmominsa da manyan tsare-tsaren duniya: ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya don sunayen cututtuka, LOINC don gwaje-gwaje, SNOMED CT don kalmomin asibiti gaba ɗaya. Aiki ne mai cin rai da ba ya fitowa a hoton bikin ƙaddamarwa, kuma injiniya shi kaɗai ba zai iya ba, dole likita da nas da mai harhaɗa magani su zauna a kansa. Ni dai in aka kawo mini tsarin girka manhaja, wanda ke riƙe da ƙamus nake fara tambaya.

OpenMRS ba ita kaɗai ba ce. Akwai OpenEMR, da GNU Health da likita Luis Falcón ya fara a 2008. Akwai Bahmni, wadda injiniyoyin kamfanin ThoughtWorks suka fara don asibitin Jan Swasthya Sahyog a karkarar Chhattisgarh ta Indiya, suka ɗinke OpenMRS da OpenELIS ta ɗakin gwaje-gwaje da Odoo ta lissafin kuɗi da kaya, don aikin asibiti bai tsaya a ɗakin likita ba.

To, maganar kuɗi. Gaskiya ne ba a biyan lasisi, kuma ga ƙasar da ke da dubban asibitoci wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma akwai kwamfutocin da ke tsufa a sake su, da sabar da za a ajiye bayanai, da wutar da ba ta yankewa, da horar da ma'aikata, a sake horarwa duk lokacin da aka yi musu canjin wurin aiki, da mutumin da za a kira ƙarfe biyun dare in allo ya ƙi buɗewa alhali ga mai naƙuda. Bambancin kamar na ɗan haya ne da mai gidan kansa. Ɗan haya yana biya duk wata, ba shi da ikon fasa bango, amma in rufi ya yi yoyo yana da wanda zai kira. Mai gida ba mai tashinsa, sai dai shi zai nemo kafinta ya biya. Lasisin kusan kowace buɗaɗɗiyar manhaja yana faɗa ƙarara cewa masu rubutun ba su ɗauki alhakin komai ba. In ta yi kuskuren da ya cutar da majiyyaci, babu wanda za a riƙe sai in asibitin ya ƙulla yarjejeniyar kulawa da wani tun farko.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a kasafi, wato lokacin ma'aikaci. A wurare da yawa likita a takarda yake rubutu, daga baya magatakarda ya shigar a kwamfuta, wani lokaci bayan kwanaki. A irin wannan tsari gargaɗin magani bai da amfani, majiyyaci ya riga ya sha ya tafi gida. In kuma aka ce a shigar nan take amma ba a janye rajistar takarda ba, an ninka wa nas aiki ke nan, kuma in layi ya yi tsawo kowa ya san wanda za ta ajiye. A nan ikon gyarawa yake nuna amfaninsa. Lokacin annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, a cibiyar Kerry Town ta Saliyo, an sake wa OpenMRS fuska cikin gaggawa don ma'aikata masu safar hannu mai kauri da tabarau mai hazo, a wurin da takardar da ta shiga ɗakin masu cutar ba a yarda ta fito ba. Manyan maɓallai aka yi musu, rubutu kaɗan.

Ta wannan ƙofa kuma ciwon VistA yake shigowa. Abin yakan faru haka. A ba wani kamfani kwangila, ya ɗauko manhajar, a nemi canji goma, ga wa'adi ya matso. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta canjin a matsayin ƙari da ake liƙawa daga waje, ko a miƙa shi ga jama'ar da ke kula da manhajar su duba su haɗa da gangar jikinta. Wannan yana cin lokaci, kuma ba mai biyan ɗan kwangila kuɗin lokacin. Sai ya yanke, ya shiga gangar jikin ya canza kai tsaye. Aiki ya yi kyau ranar miƙawa. Bayan shekara biyu uwar manhaja ta fitar da sabon zubi da ya toshe wasu ɓarakokin tsaro, amma wannan reshe da ya ɓalle ba zai iya karɓa ba sai an warware duk abin da aka ɗinka. Ɗan kwangila ya tafi, ko kuma shi kaɗai ya san abin da ya yi, sai farashin da ya yanka. Asibitin da ya guje wa riƙon kamfani ɗaya ya faɗa hannun mutum ɗaya.

Batun tsaro ma a nan yake ɗaure. Ana cewa tunda kowa na iya karanta rubutun, masu kutse ma za su karanta. Haka ne, amma masu gyara ma suna karantawa. A 2018 wasu masu binciken tsaro sun bankaɗo ɓarakoki masu haɗari a OpenEMR, suka sanar da masu kula da ita, aka toshe kafin a bayyana wa duniya. Abin tambaya shi ne asibitoci nawa suka sauke gyaran. A Mayun 2017 harin kutsen kwamfuta na WannaCry ya durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, aka soke dubban ganin likita, alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris. Manhajar rufaffiya ce, rashin sabuntawa ne ya ka da su. Kuma abubuwan da suka fi fallasa sirrin majiyyata yau da gobe ba ruwansu da lasisi: kalmar sirri ɗaya da ma'aikatan sashe duka ke shiga da ita, tsohon ma'aikaci da ba a soke izininsa ba, kwafin ajiya da aka bari a buɗe.

Wa ke biyan masu aikin? Wannan gaɓar ta fi damuna. Yaɗuwar waɗannan manhajoji a ƙasashe masu ƙarancin kuɗi galibi ta hanyar tallafi ta zo, musamman shirin yaƙi da ƙanjamau na PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003. An ceci rayuka da wannan kuɗi, ba mai musu. Amma mai biya shi ke zaɓar abin da za a gina. Sai manhaja ta ƙware wajen fitar da rahoton da mai tallafi ke so, likita yana jin kamar shi magatakardan wani ofishi ne mai nisa. Sai a ga mace ɗaya tana cikin kwamfuta a sashen ƙanjamau, tana cikin takarda a sashen awon ciki, ba wanda ke ganin abin da ɗayan ya rubuta. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, ya fito fili cewa a wurare da dama albashin masu shigar da bayanai da na injiniyoyi duk a wuyan mai tallafi yake. Rubutun manhajar bai je ko'ina ba, babu lasisin da ya ƙare, kuma wannan riba ce ta gaske, don ma'aikatar lafiya tana da hurumin ɗauka ta ci gaba. Amma ma'aikatar da ba ta da injiniyoyi cikin masu albashinta, ba ta kuma riƙe da makullin ma'ajiyarta ba, ba ta da hannun da za ta ɗauka da shi.

Saboda haka nake ganin buɗaɗɗiyar ƙa'idar musayar bayanai ta kai buɗaɗɗen rubutu muhimmanci, wani lokaci ma ta fi. Da wuya ƙasa ta tafi da manhaja ɗaya tilo. Ingila ta gwada tsara komai daga sama da manyan kwangiloli a 2002, aka wargaza shirin a 2011 bayan an kashe biliyoyin fam. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a yarda a kan yaren da manhajoji za su yi magana da juna. Ƙa'idar FHIR, wadda Grahame Grieve ya fara tsarawa a 2011 kuma ƙungiyar HL7 ke kula da ita, ta yanka tarihin jinya gunduwa-gunduwa, majiyyaci, ziyara, sakamakon gwaji, magani, kowanne da siffar da aka sani. Haka ya kamata alaƙa ta kasance da DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da ƙasashe sama da 70 ke tara alƙaluman lafiya da ita: rahoton wata ya fita da kansa daga abin da likita ya riga ya rubuta, a hutar da nas ƙirgar rajista. Rufaffiyar manhaja da ke miƙa maka bayananka cikin tsari duk sanda ka nema ta fi buɗaɗɗiya mai hargitsattsen ƙamus.

Dole a yi wa kamfanonin kasuwa adalci. Babban asibitin koyarwa mai ɗakunan tiyata da yawa da lissafin inshora mai sarƙaƙiya yana buƙatar abubuwan da buɗaɗɗun manhajoji ba su kai gare su ba tukuna. Wanda ke da kuɗin, ya kuma rubuta hanyar fita a kwangilarsa, bai yi laifi ba in ya saya. Amma mafi yawan wuraren jinya a duniya ba za su iya wannan farashi ba.

Ƙaramin asibiti da ba shi da ko mutum ɗaya mai kula da kwamfuta, kada ya sauke manhaja ya girka da kansa don an ce kyauta ce. Ya biya kamfanin da zai kula masa da buɗaɗɗiyar, da sanin cewa in ya gaza akwai wanda zai iya karɓa, tunda rubutun ba sirrin kowa ba ne. Gwamnati kuwa nauyinta ya fi haka: ƙaramar tawagar injiniyoyi ta dindindin, kwamitin ƙamus mai likitoci a ciki da ikon cewa a'a, lambar shaida ɗaya ga kowane majiyyaci don kada mutum ɗaya ya zama uku a ma'ajiya, da sharaɗi a kowace kwangila cewa abin da aka rubuta da kuɗin jama'a za a ajiye shi a fili. Ya kamata kuma ƙasashen da ke cin moriyar OpenMRS ko Bahmni su riƙa zuba wani abu, kuɗi ko lokacin injiniyoyinsu, a gangar jikin da kowa ya dogara da ita, don masu tallafi sun fi son biyan sabon abu a kan gyaran tsoho.

Akwai gwaji ɗaya da kowane asibiti zai iya yi kafin ya sa hannu, buɗaɗɗiya ce ko rufaffiya. A shigar da bayanan gwaji na majiyyata ɗari, da magungunansu da sakamakonsu. A ce wa mai girkawa ya fitar da su duka, da ƙamus ɗin da ke ba su ma'ana, a miƙa wa wani injiniya daban da bai taɓa aiki da shi ba. A ba wannan injiniya sabuwar kwamfuta, a ga ko zai iya ta da bayanan daga kwafin ajiya ba tare da ya kira na farko a waya ba, sannan likita ya buɗe fayil goma ya duba ko abin da ya rubuta shi ne ya dawo. A rubuta a kwangila cewa za a maimaita wannan duk shekara, kuma ba za a biya kason ƙarshe ba sai an ci gwajin.